Mun Yi wa Mama Bankwana

Jiya muka taru a asibitinmu domin yi wa shugabar ma'aikatan jinya, wadda dukkanmu muke kira Mama, walimar bankwana, bayan ta cika shekara 35 tana aikin gwamnati, ta kuma yi ritaya.

Ba zan manta da daren farko da na yi aikin kwana a ƙarƙashinta ba. An kawo wani yaro da amai da gudawa suka galabaitar da shi har jijiyoyinsa suka ɓuya, na soka allurar ƙarin ruwa sau biyu ban dace ba, hannuna yana ta rawa. Mama ba ta tsawata mini a gaban mahaifiyar yaron ba. Ta haska mini tocila, ta ɗora yatsana a bayan hannunsa, ta ce, "'Yata, lalubo ta tukuna, sannan ki soka." Sai da gari ya waye ta kira ni ofishinta, kuma gaskiya na sha faɗa, domin na ƙi neman taimako da wuri.

Yawancinmu da ke shugabantar ɗakunan jinya a yau ta hannunta muka biyo. Allah ya ƙara mata lafiya, ya sa ta huta cikin iyalinta.