Mita Kaɗai Ba Ta Isa Shaida a Kan Batirin Ƙarfen Sabis Ba

A wani ƙarfen sabis da nake kula da shi a bayan gari, an ɗauke wuta da tsakar dare, janareto ya ƙi tashi, baturan da aka ajiye domin su riƙe na'urori na sa'o'i kuma ba su kai minti ashirin ba suka sauka, sabis ya yanke wa unguwanni da dama. Abin da ya fi damuna shi ne, makonni kaɗan kafin nan an ɗora musu mita, an rubuta cewa lafiyarsu ƙalau.

Wanda ya auna bai yi ƙarya ba, wurin da ya duba ne ba daidai ba. Na'urorin sadarwa suna aiki da bolt 48, wanda ake samu idan an jera baturan dalma huɗu masu bolt 12, kowanne da ɗakuna shida a cikinsa. Muddin akwai wuta, rektifaya, wato na'urar da ke cajin baturan, tana riƙe jerin a wajen bolt 54 domin ya zauna cike, saboda haka duk wanda ya auna a wannan hali ƙarfin rektifaya yake karantawa, kuma batirin da farantan dalmar da ke cikinsa suka riga suka lalace zai iya nuna lamba mai kyau kamar sabo.

Gwajin da na yarda da shi shi ne a raba jerin da rektifaya, a haɗa shi da na'urar jan lodi, a ja wuta daidai gwargwadon abin da jadawalin masana'anta ya faɗa, ana rubuta awon kowane batir lokaci bayan lokaci har jerin ya sauka zuwa bolt 42, wato 1.75 a kowane ɗaki. Idan an ce zai yi sa'a 10 amma ya gaza kai 8, ya faɗi ƙasa da kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa, kuma a nan ne IEEE 1188, ƙa'idar injiniyoyi kan kula da irin waɗannan batura, ta ce a sauya shi. Aiki ne mai cin lokaci, dole kuma janareto ya kasance a shirye, shi ya sa ake yawan tsallake shi.

Tsakanin gwaji da gwaji ina amfani da na'urar auna turjiyar cikin batir, wadda ke ba da sakamako cikin daƙiƙu, amma lambarta ta fi amfani idan an adana awon farko na ranar da aka kafa batirin domin a riƙa kwatantawa.

Zafi kuwa shi ne babban abokin gabarmu a Arewa. Shekarun da ake rubutawa a jikin batir an lissafa su ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana rage rabin rayuwarsa, alhali a watan Afrilu zafin Kano yakan kai 40 tun kafin a shiga cikin akwatin ƙarfen da rana ta daka. Shi ya sa nakan shafa jikin kowane batir da hannu, in duba kumburi da farin garin da ke taruwa a kan kawuna.

Da muka yi wa jerin wancan ƙarfen sabis na bayan gari gwajin lodi, uku sun tsaya da ƙafafunsu, na huɗun kuwa ya faɗi ƙasa da bolt 10.5, iyakar batir guda, cikin 'yan mintuna, ya ja sauran ƙasa tare da shi.