Yaya zai koma Dambatta

Asabar. Hazo ya rufe gari tun asuba, ko Dutsen Dala ba a hangowa. Wanki na yi, sanyin ruwa ya cinye min yatsu, mai ga-ruwa kuma ya ƙara kuɗin jarka ba sallama ba gargaɗi. Da na shanya kaya sai na ce bari in leƙa Gwammaja in gaida Hajiya, in kai mata man zafin da ta aiko a saya.

A can na tarar da Yaya. Ranar Asabar da rana tsaka, lokacin da kasuwar waya ta Farm Centre, inda yake gyaran waya, ke cika maƙil har ba wurin sa ƙafa, shi yana miƙe a tabarmar Hajiya yana ɓare gyaɗa. Na ce, Yaya lafiya? Ya ce lafiya ƙalau, ya sallami teburinsa ne. Na ce wane teburin? Ya ce, "Tebur nawa gare ni?"

Wai Dambatta zai koma, shi da Anti da 'yan biyu. Ya riga ya kama shago kusa da kasuwa, ya kama gida mai ɗaki biyu da tsakar gida har da darbejiya a ciki, kuma kuɗin hayar shagon da gidan a haɗe bai kai abin da yake biya a ciki da falon Kurna ba. Gyaran waya zai ci gaba da yi, ya haɗa da caji da POS. Farantan sola da batir da infata duk ya saya, suna ɗakin Auta an lulluɓe da tsohon zane. Wato kowa a gidan ya sani sai ni.

Nan fa na gyara zama. Na ce, Yaya, mutanen Dambatta ai Kano suke zuwa sayen waya, kai kuma ka ɗauki ƙafa ka bi su gida? Ya ce saye suke zuwa yi, amma wanda gilashin wayarsa ya fashe ko bakin cajinta ya lalace ba zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa ba in akwai mai gyara a bayan gidansa. Na ce kayan gyaran fa, a gona za ka tono su? Ya ce motocin Kazaure da Daura kullum suna tashi daga Ƙofar Ruwa, ta Dambatta suke bi, ya buga wa yaron shagon da yake sari waya da safe, kafin la'asar direba ya miƙo masa saƙo. Ya lissafo min ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako, waɗanda waya ba ta barin hannunsu. Ya lissafo kasuwar Lahadi, da dillalan shanu da masu hatsi, ya ce tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutanen da a da ba su yarda da komai ba sai damin kuɗi a aljihun 'yar shara suka koyi tura kuɗi ta waya, kuma duk mai turawa yana neman inda zai cira.

Na ce to, kasuwa rana ɗaya take ci a mako. Sauran kwana shidan fa?

Ya watsa gyaɗa a baki, ya ce, "Ai sauran kwana shidan nake nema."

Maganar nan ce ta hana ni sakat har yanzu. Da faɗa ya yi min da na san abin da zan ce. A hankali ya faɗe ta yana kakkaɓe ɓawo daga riga, sannan ya shiga ba ni lissafin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ya ce rabin abin da yake samu janareta da ɗan sahu ke cinyewa. Sahu biyu zuwa, sahu biyu dawowa. Ya fita 'yan biyu na barci, ya dawo suna barci. A kasuwar kuma masu gyara sun fi wayoyin da suka lalace yawa, yaran da ya koya wa riƙe sukuddireba da hannunsa su ne yanzu ke tare masa kwastoma tun daga bakin titi. Ba ya jin haushinsu, wai su ma ci suke nema. Sai ya yi dariya ya ce, "Ba kirarin garin ke nan ba? Ko da me ka zo an fi ka. To ni na yarda, an fi ni. A ba ni hanya in wuce."

Auta ya fashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Duk wannan Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ce uffan ba. Sai da muka yi shiru ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Wa ka sani a can?" Ya ce abokinsa na makaranta, wanda ya samo masa shagon. Ta ce mutum ɗaya ba gari ba ne. Kafin ya buɗe ƙofar shago ya sayi goro ya je ya gaida mai unguwa, ya gaida liman, ya gaida tsofaffin da ke zama a bakin layin, ya faɗa musu ɗan wane ne shi da abin da ya kawo shi. Jana'iza kada ta wuce shi, ko bai san mamacin ba. Sannan ta ajiye farantin ta dube shi. "Sai bashi. A Kano wanda ka hana bashi ba lallai ka sake ganinsa ba. A can sahu ɗaya za ku tsaya da asuba."

Wallahi nan ta taɓo inda ke min ciwo. Kun san Yaya. Mutumin da ko a Farm Centre, inda kowa idonsa a buɗe yake, akwai wayoyin da ya gyara aka karɓa da "zan dawo" har yau. Ina ga garin da yawancin masu shigowa shagonsa manoma ne, kuɗinsu sai kaka, kuma kowa ɗan uwan kowa ne? Ka hana ɗaya, ka hana zuri'a guda. Ka ba ɗaya, gobe ƙaninsa na bakin ƙofa. Ya ce zai sayi littafi ya riƙa rubutawa. Hajiya ta ce littafi ba ya zuwa karɓo kuɗi. POS ɗin ma ban so ba, mutum baƙo da jakar kuɗi ranar kasuwa, amma wannan ban faɗa a gabanta ba don kada in hana ta barci.

Duk da haka ta sa masa albarka. Ta ce arziki ba a Kano kaɗai aka raba shi ba.

A ɗan sahu ina dawowa na yi ta tunanin Baba, Allah ya jiƙansa. Cin rani ya kawo shi garin nan, ya zauna, ya yi aure, ya gina gidan Gwammaja ɗaki bayan ɗaki. Mai ga-ruwan da ya ƙara min kuɗi da safe daga ƙauye ya zo. Mai shayin bakin layinmu haka, mai yankan farce haka. Kowa fuskarsa cikin birni take kallo, sai Yaya ya juya tasa waje. Na san abin da za a ce a gidajen biki: ya karye. Ba wanda zai ce ya gaji. Muna tsaye a cunkoso wajen Ƙofar Mazugal, hon ta ko'ina, hayaƙi na shiga har cikin hijabi, direbanmu na zage-zage da wani a kan canjin naira 50, sai na ji ina ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da na ji shiru a garin nan. Ko da tsakar dare akwai injin wani da ke kuka.

Na kira Anti bayan magariba. Ita murna take, wai za ta samu filin kiwon kaji da awaki, har ta fara tambayar kuɗin ɗan akuya. Makarantar 'yan biyu ce kawai damuwarta. Ban ce mata komai ba a kan wanda zai riƙa kai Hajiya ganin likitan hawan jini, don duk mun san amsar, kuma ba wanda ya tambaye ni. Auta ba a dogara da shi ko a sayen kati.

Maigida da na ba shi labari cewa ya yi, "In ya yi wata shida bai dawo ba, mu ma mu ɗaure kaya." Wasa yake. Ina jin wasa yake.

Gas ya ƙare ana tsakiyar tuwo, na ƙarasa a gawayi. Khalifa bai iya haddarsa ba, gobe Malam zai yi magana. Ga cincin da dubulan na sunan Litinin ban ko kwaɓa ba.

Ƙarfe 10 saura Yaya ya turo hoton shagon a WhatsApp. Ƙofar ƙarfe ce shuɗiya, da ɗan dakali a gaba, wata akuya na kwance a kai. A ƙasa ya rubuta wai in faɗi nawa zan riƙa ba shi cincin ɗin leda, ya ajiye a gefen tebur saboda masu jiran caji ranar kasuwa. Na ce kuɗi hannu, ban da bashi. Ya turo fuskar dariya har uku, bai ce to ba.