Na Koma Layinmu Bayan Shekara Hamsin

Jikana ne ya tuƙa motar. Da asuba muka kama hanya, kuma tun kafin rana ta ɗaga gabana ya fara faɗuwa, don rabona da unguwar da aka haife ni tun 1971. Tafiyar da a da kan cinye mana yini guda cur a bayan babbar mota, awa biyar muka yi, har da tsayawa shan mai.

Muna shiga gari na rikice. Wayar yaron tana ta faɗin a yi dama, a yi hagu, ni kuwa ina ta raba ido ina neman doguwar bishiyar bakin layinmu, wadda muke hangowa daga nesa mu san mun iso gida. Ashe an sare ta. Na ce ya tsaya, na sauka na taka a ƙasa. Gangaren da ruwan sama ke bi shi ya fara yi mini jagora, sai kwanar da ke bayansa, sai ga ni tsaye a gaban dakalin famfo.

Famfon babu, amma simintin yana nan, ya tsattsage, ciyawa ta fito a tsakani. Gida goma sha huɗu ne a layin, kuma duk a nan muke ɗibar ruwa. A nan ake jin wanda ya kwana da zazzaɓi da wadda ta sauka cikin dare. Yaro ya yi rashin kunya a nan, kafin ya isa gida labari ya riga shi. A nan kuma masu yin lamba suka jera mu, lokacin da agana ke kashe yara tana barin wasu da zanzana a fuska. Ranar mahaifiyata tana kwance ba lafiya, yayar abokina ce ta riƙe ni gam har aka tsaga mini dantsen hagu. Jikana bai ma san cutar ba, tun da a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da ita.

Rediyo ma ɗaya ne, na wani maƙwabcinmu ma'aikacin jirgin ƙasa. Ƙaton akwati ne, sai ya ɗauki zafi kafin ya yi magana. A watan Oktoba na 1957, ina ɗan shekara takwas, a ƙofar gidansa muka ji cewa Tarayyar Sobiyet ta harba wani abu mai suna Sputnik yana kewaya duniya. Dattawa suka yi ta musu. Mu yara muka kwanta rigingine a tsakiyar layi, duk tauraron da ya ƙyafta sai wani ya yi ihu, ga shi can! Da ƙananan rediyoyin Japan masu batir suka yawaita, kowa ya shige ɗaki da nasa. A Yulin 1969, da Amurkawa suka sauka a kan wata, mutum biyar kacal na tarar a ƙofar nan. Ban ga laifin kowa ba. Na san nauyin bokiti a kan yaro, kuma ruwa a cikin gida rahama ce. Amma da na dubi dogayen katangu da ƙofofin ƙarfen da suka rufe layin, da rana tsaka ba yaro ko ɗaya a waje, sai da idona ya ciko.

Gida uku na ƙwanƙwasa, ba wanda ya san sunan mahaifina. A na huɗu wata yarinya ta ce akwai tsohuwa a ciki, mu shigo.

Tana zaune a inuwa, idonta ya tafi. Na durƙusa.

"Sannu da hutawa, Yaya. Ɗan gidan da ke kallon famfo ne."

Ta yi shiru, ta karkato kunne. "Sake magana in ji."

Na sake gaishe ta.

"Miƙo hannun hagu," in ji ta.

Na naɗe hannun riga. Ta bi dantsena da yatsa a hankali har ta kai kan tabon, ta tsaya. Sai ta kira ni da sunan da rabon da in ji shi tun rasuwar mahaifiyata, ta ce wa yarinyar ta shimfiɗa tabarma, baƙin nan kwana za su yi.