Allon magana da muke haɗa wa yaran da ba sa iya furta kalma

Jama'a da yawa in sun leƙo shagonmu sai su zata aikin buga katin aure da kalanda muke yi, to muna yi ɗin, amma ainihin abin da ya riƙe mu yanzu shi ne allon magana da littafin hotuna na ɗaliban da bakinsu ba ya iya fitar da magana, masu galahanga da masu shanyewar ƙwaƙwalwa da sauransu. Yaro yana ji, yana fahimta, faɗa ce kawai ta gagara. Sai ya nuna hoton kofi malama ta gane ƙishi yake ji, ya nuna buta ta san banɗaki zai je.

Dabarar ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Tsarin PECS da yaro ke cire hoto ya miƙa a ba shi abin da yake so, Andy Bondy da Lori Frost ne suka fara shi a jihar Delaware ta Amurka a 1985, kuma mataki shida gare shi, daga miƙa hoto ɗaya har ya iya jera hotuna su zama jimla. Akwai manhajoji masu furta kalmar hoton da yaro ya taɓa, irin su Proloquo2Go da ta fito a 2009, akwai kuma hotunan ARASAAC na ƙasar Sifaniya da kowa ke saukewa kyauta. Duk suna da amfani wallahi. Amma ka ɗauko hoton bahon wanka na Turawa da abincin da yaro bai taɓa gani ba ka liƙa wa ɗan Fagge, me zai nuna? Mu tuwo muke zanawa, da koko da ƙosai, da taliya da manja, da adaidaita sahu, da masallaci, da allon Islamiyya, hoton Umma kuwa ainihin Ummansa ce muke ɗauka mu saka.

Zane na koya a wurin wani dattijo mai rubuta allunan shaguna tun kafin kwamfuta ta cika gari, Allah ya jiƙansa, mutum ne da in ka ja layi ya karkace ko kaɗan sai ka goge ka sake, yana cewa wanda ke wucewa a kan babur ya kamata ya gane abin da ka zana ba tare da ya tsaya ba. Wannan horon nake ci har yau. Hoton yaro dole ya fita sarai, bayansa fari, babu kwalliya babu tarkace. Shigata harkar kuwa ta dalilin ɗan ƙanwata ne, wata malamarsa ta kawo min takardu ta ce in buga mata, na zauna tana min bayani har magariba, daga nan ban sake sakin aikin ba.

Katako muna zaɓo shi da hannunmu a 'Yan Katako na Na'ibawa, mara nauyi, mu goge kusurwa ta zama zagaye don kar ta yanki yaro. Leda mai kauri muke rufe hoto da ita, wadda ba ta ƙyalli, saboda hasken taga in ya haska mai ƙyallin yaro ba ya ganin komai, ga yawu ga ruwa ga cizo duk sai kati ya jure. Launi ma da ƙa'idarsa, mutane rawaya, kalmomin aiki kore, sunayen abubuwa ruwan lemo. Kuma "ina so", "a'a", "ƙara", "ya isa", "ciwo" ba sa barin gurbinsu ko an sake allo, hannun yaro ya riga ya haddace wurin kamar yadda kake samun makunnin fitilar ɗakinka cikin duhu. Wanda hannunsa ke rawa mukan ƙara masa girman gidajen hotunan mu rage yawansu. Muna kuma haɗa ɗan maɓalli mai batir da ake naɗar murya a ciki, kuma muryar yayansa ko sa'arsa muke so, da Hausa, ba ta babban mutum ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne masu kwaikwayo. Mutum zai ɗauki hoton aikinmu a waya, ya je ya buga a takarda shara-shara, ya cusa hoto kusan hamsin a shafi ɗaya, ya sayar wa makaranta da araha, kafin zangon karatu ya ƙare leda ta buɗe kala ta zube. Sai a jefa a kwaba a ce ai allon magana ba ya aiki. Sannan wani ya zo yana min ciniki wai ai takarda ce kawai, Alhaji wannan takardar da ita ɗanka zai gaya maka cikinsa na ciwo.

Iyaye kan ji tsoron wai allo zai hana yaro buɗe baki. Ba ya hanawa, malaman gyaran magana sun daɗe suna faɗa, shi ya sa duk hoton da ya nuna ake so a furta masa kalmar a bayyane. Mun ga waɗanda suka fara cewa "ruwa" a haka, mun ga waɗanda har yanzu da allon suke hira, kuma fushi da dukan kai da bango sun ragu sosai.

Duk makarantar da ke so, ba ma bugawa sai mun je aji mun ga yaron, mun zauna da malamarsa da mahaifiyarsa. A tanadar mana sunayen abincin da yake so da wanda ya tsana, da hotunan 'yan gidansu, kwafi biyu muke yi, ɗaya na aji ɗaya na gida, in kati ya ɓace a dawo mu sake bugawa.