Sayen fili daga hannun hukumar birni a Texas: yadda muka yi da rigar kariyarta

Mu huɗu ne muka haɗa jari, dukkanmu mazauna jihar Texas a Amurka, muka nemi wani fili da hukumar wani ƙaramin birni ta sa a kasuwa. Tsohon wurin ajiye motocin shara ne, ciyawa ta cinye shi, amma yana bakin babban titi, kuma shaguna muke son ginawa. An buga sanarwa a jarida kamar yadda dokar jihar ta tanada, kowa ya miƙa tayinsa a rufaffiyar ambulan, namu ya fi tsoka. Ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu.

Lauyarmu ba ta fara da maganar farashi ba. Tambayar da ta yi min ita ce, idan birnin ya fasa bayan mun sa hannu, wace kotu ce za ta saurare mu? Na ce ai yarjejeniya ce a rubuce, da hatimi. Ta ce a Texas hukumar birni tana da rigar kariya hawa biyu. Idan ta ƙulla kwantiragi, ta amince cewa nauyi ya hau kanta, amma ba ta amince a kai ta kotu ba. Wato za a iya bin ta bashi na gaskiya, alƙali kuma ya ce ba shi da hurumi. Kotun Ƙolin jihar ta tsayar da wannan a 1997, a shari'ar wani kamfanin alluna da jami'ar Texas Southern. A 2006 kuma, a shari'ar Tooke da birnin Mexia, ta ce ko da doka ta rubuta cewa birni yana iya kai ƙara ana kuma iya kai shi, wannan lafazin kaɗai bai cire masa kariya ba. Su masu ƙarar, kwangilar kwashe rassan itatuwa da ganye suka yi da birnin, aka katse ta, suka tashi a tutar babu.

Babban cikinmu, wanda ya fi kowa kuɗi a ciki, ya ce, "To Malam, a rubuta mana a takardar cewa sun ajiye kariyar tasu, shi ke nan." Nan ne fahimtata ta sauya. Magajin gari da kansiloli ba su da ikon yafe abin da ba nasu ba. Kariyar ta jiha ce, aronta birni yake yi, kuma majalisar dokokin jihar ce kaɗai ke da wuƙa da nama wajen cire ta, da lafazi bayyananne. Mun sa layin a yarjejeniyar duk da haka, lauyan birnin ma bai ja ba, kuma rashin jan nasa ya isa ya gaya maka darajar layin.

Ƙofofi biyu ne na gaskiya. Ta farko babi na 271 ne na dokar ƙananan hukumomi, inda majalisa ta ƙara wani sashe a 2005 da ya cire kariya a kan rubutaccen kwantiragi na samar wa hukumar kaya ko yi mata aiki. Matsalar ita ce mai sayen fili ba kaya yake kawowa ba, karɓa yake yi. A 2014 kotun ta hana wani kamfani da ya yi hayar tashar kwale-kwale daga hukumar ruwa ta gundumar Lubbock bi ta wannan ƙofar, domin haya ce kawai, ba aiki ya yi alkawarin yi wa hukumar ba. Saboda haka muka saka aiki na gaske a cinikin: mu za mu gina magudanar ruwa da hanyar masu tafiya a ƙasa a gefen titin, mu miƙa wa birnin, shi kuma ya mayar mana da wani kaso na kuɗin. Aka rubuta tsawo da faɗi da wa'adi, babu kame-kame.

Ƙofa ta biyu ta fi dacewa da cinikin fili. Birni yana aiki da fuska biyu: wani lokaci a madadin jiha, kamar 'yan sanda, kashe gobara da tsabtar gari, wani lokaci kuma don amfanin kansa da mazaunansa, bisa ganin dama. A fuska ta biyu ba shi da kariya. An daɗe ana amfani da wannan bambanci a ƙarar rauni da ɓarna, sai a 2016, a shari'ar Wasson da birnin Jacksonville, kotun ta ce ya shafi kwantiragi ma. Birnin ya ba da hayar filaye ne a bakin tafkin da ya gina, daga baya ya kori mai hayar. A 2018 shari'ar ta sake dawowa, kotun ta ce abin dubawa shi ne yanayin da birnin yake ciki lokacin ƙulla yarjejeniyar, ba lokacin karya ta ba: dole aka yi masa ko ganin damarsa ne, jama'ar jiha aka nufa da amfanin ko mazauna birnin, a madadin wa ya yi, kuma shin abin yana manne da wani aikin gwamnati. Muka sa aka rubuta a ƙudurin majalisar birnin cewa fili ne da ba sa buƙata, sun zaɓi sayarwa don samun kuɗin shiga. Na zauna a zauren ranar da aka kaɗa ƙuri'a, a kujerun roba na baya, kuma ban tafi ba sai da na cike takardar neman kwafin bayanan zaman. Kafin alƙalami kuwa ba mu ba birnin a hannu ba, yana wurin kamfanin da ke tantance takardun mallaka, amana.

Sai zaɓen watan Mayu ya zo, sababbin kansiloli suka shiga, maƙwabtan filin suka yi ta ƙorafin cunkoson motoci. Ranar rufe ciniki ta wuce, shiru. Muka shigar da ƙara, birnin ya amsa da cewa kotu ba ta da hurumi. Alƙali ya yi watsi da hujjar, ya dogara da ƙudurin nan da aikin magudanar.

Murna ta koma ciki da wuri, domin doka ta ba hukuma damar ɗaukaka ƙara nan take a kan batun hurumi, kuma da zarar ta yi haka, shari'ar da ke gaban kotun farko ta tsaya cik. Kai kana biyan lauya daga aljihunka, su suna biya daga haraji, har da naka. A ganina wannan jinkirin ya fi kariyar kanta kashe gwiwa. Ko ka ci nasara ta babi na 271, dokar ta taƙaita abin da za ka samu ga kuɗin da ake bin hukumar da wasu ƙayyadaddun abubuwa, ribar shagunan da ba a gina ba kuwa sai ka manta da ita. Abin da ya ba mu ƙarfi shi ne hukuncin 2019 a kan gadar titin Hays ta San Antonio, inda kotun ta ce a ƙarƙashin wannan babin ana iya neman a tilasta wa birni ya cika alkawarin, ba diyya kawai ba.

Sulhu muka yi kafin kotun ɗaukaka ƙara ta yanke. Mun bar musu wani yanki ta bayan filin don a shuka itatuwa tsakaninmu da gidajen mutane, suka rage farashi daidai da shi, shaguna biyu suka fita daga zanenmu. Lauyarmu ta ƙi yarda a rubuta sulhun a matsayin alkawarin da za a cika nan gaba. Majalisar birnin ta amince da daddare, washegari da safe muka haɗu a ofishin kamfanin tantance takardu, kuɗi ya fita, takardar mallaka ta shigo a zama guda, aka kai ta rajista a ofishin gunduma, sannan muka janye ƙarar.