Kusurwar tabarma a ajinmu

Shekarata ta tara ke nan ina koyar da ƙananan yara a wani jardan a nan Tawa, ƴan shekara huɗu zuwa biyar. Bana yara 43 gare ni. Ɗakinmu rufin kwano ne, daɓen siminti, don haka yaro ɗaya ya ja kujera, ɗaki duka ya amsa. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaniyar da ke kewaye da yaro lokacin darasi kada ta wuce desibel 35, wato ɗan sama da raɗa. Mu kam ko lokacin da suke cin abincin ƙarfe goma, bakuna cike, mun wuce haka.

Shekaru uku da suka wuce, a makon farko na Oktoba, aka kawo mini wata yarinya, autar gidansu. Da zarar an fara waƙar safe da tafi, sai ta toshe kunnuwa da tafin hannu ta rarrafa ƙarƙashin teburina. Sau uku ina jawo ta, sau uku tana komawa. A na huɗu, dattijuwar da ke mana shara, wadda duk muke kira Inna, tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya, ta ce mini, "Madam, ƙyale ta. Inuwa take nema." Na ji kunya ƙwarai, don ni na ɗauka taurin kai ne. Da yamma na zauna na tuna gidajenmu: yaron da ya gaji da wasa yana da ɗakin kaka, yana da bayan rumbu, yana da gindin bedi. A aji kuwa mun tara su tun safe har rana ta take, babu inda ɗaya zai raɓa ya huta da idon mutane.

Na zaɓi kusurwar da ta fi nisa da ƙofa da allo. Ran Lahadi na shiga kasuwa na sayo tabarmar kaba irin ta Madawa, na shimfiɗa ta kan wata tsohuwa da na ɗauko daga gida. Biyu na haɗa da gangan, saboda siminti ga sanyi a hunturu, ga mayar da ƙara. Tela na unguwarmu ya tara mini ƙyallaye, muka cusa matasan kai uku. Rigunansu masu cirewa ne, kuma duk Asabar nake wanke su in shanya a rana, don wanda ya san yadda makero da ciwon ido ke zaga aji ba zai yi wasa da abin da kawuna da yawa ke kwanciya a kai ba.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne katanga. Yaro na son ya ji ya ɓuya, ni kuma dole idona ya kasance kansa. Tunanina na farko zana ne, ga arha, ga ƙanshin gida. Amma ban iya ba. A watan Afrilun 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu, mafi yawansu ƴan jardan kamar nawa. A Nuwamban shekarar kuma irin haka ta faru a Maraɗi. Allah ya jiƙansu. Tun daga nan ba na shigar da zana ɗakin yara, ba turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa, kuma kusurwar ba ta kusa da wayar lantarki. Sai na sa kafinta ya yi mini ƴar kanta mai tsawo zuwa ƙuguna, ya goge bakinta da kyau don kada ta yanki goshi. Yaron da ke zaune bayanta ba ya ganin aji, ni da ke tsaye ina ganin tsakiyar kansa. Kafintan ya yi ta tambaya me ya sa nake son kaya gajeru haka. Na ba shi labarin Maria Montessori, likitar nan ta Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai jikin yaro. Ya ce ai mu ma kujerar tsakar gida ba ta da tsawo. Gaskiyarsa.

Bango kuwa, da na cika shi da hotuna ja da rawaya, baƙaƙe, lambobi, kowane gefe yana kiran ido. Na cire na kusurwar duka, na shafa farar ƙasa da ɗan shuni kaɗan.

Kayan da ke ciki ba su da yawa, kuma na koyi cewa rashin yawan ne amfaninsu. Akwai faifai da ƙwallon goriba goma, sun yi santsi saboda hannu. Goriba na zaɓa don ta fi ƙarfin hanci da maƙogwaro. Wake da gyaɗa da tsakuwa ba sa shiga nan. Akwai ƴar tsana ta ƙyalle, da littattafan hoto uku da nake sauyawa duk wata. Sai gorar roba mai ruwa da cokali biyu na rairayin tudu a ciki, na liƙe murfinta. Yaro ya girgiza ta, ruwa ya gurɓace, ya zuba ido har rairayin ya kwanta. Na sha kallon kafaɗun yaro mai shessheƙa suna sauka tare da rairayin nan. Wani ya sake girgizawa sau biyu, sau uku, sannan ya ajiye ya tashi da kansa.

Da hannuna na kusa kashe wurin. Wata rana wani yaro ya ciji ɗan'uwansa, raina ya ɓaci, na ce, "Tashi ka je kan tabarma, kada ka motsa!" Washegari ba wanda ya je. Mako guda cur tabarma tana shan ƙura, har autar nan ta koma ƙarƙashin tebur. Sai na ji wata tana gaya wa ƙawarta cewa can ne kason Tanti, wato ni, don haka suke kirana. Kalma ɗaya da na faɗa cikin fushi ta mayar da inuwa kurkuku. Ban yi musu dogon bayani ba. Ran Litinin, ana tsakiyar zane, na ce, "Yara, kaina na ciwo, zan je in huta kaɗan." Na cire takalmi, na zauna, na ɗauki gorar. Ɗaki ya yi tsit. Can yaron da ya yi cizon ya matso ya ce, "Tanti, in zo?" Na matsa masa. Tun ranar ba na aika kowa can. Mai so ya je, mutum biyu a lokaci guda, a cire takalmi, a yi magana ƙasa-ƙasa. Laifi kuma a wani wuri muke maganarsa.

Ba duk iyaye suka yarda ba. Wani uba ya zo ɗaukar ɗansa ya tarar yana barci kan tabarma, ya ce, "Madam, karatu muka kawo shi ko kwana?" Na ce, "Malam, ƙarfe nawa ya kwanta jiya?" Ya yi shiru, ya ce zafi ya hana kowa barci a gidan sai tsakar dare. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, yara da yawa haka suke zuwa, ido jajir. Minti ashirin yaron ya yi, ya tashi ya ƙirga goriba goma ba kuskure a gaban mahaifinsa.

Abin da ya rage mini shi ne kwanon sama. Daga ƙarfe sha ɗaya yake sauko da zafi har kan tabarmar, kuma na kai kukan sili gaban kwamitin iyaye sau biyu. Kafin a samu, Inna ce ke yayyafa ruwa a daɓen gefen kusurwar da ƴar butarta, kullum kafin ta ajiye tsintsiya.