Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Shekarar da Muka Yi Su da Fartanya

A makon jiya na tsaya ne a inda mahaifina ya raba ni da kiwon awaki ya damƙa mini gora da koma. Yau zan ba da labarin ranin da ya biyo bayan daminar 1984, lokacin ina da shekara goma sha huɗu.

Ƙauyenmu yana cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, inda ruwan kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su gangara Tafkin Chadi. A lokacin a jihar Borno muke, domin sai a 1991 aka ƙirƙiro Yobe. Baƙo yakan ɗauka ƙasarmu ruwa ce zalla, alhali kuwa tafiyar rabin yini ta isa ta fitar da mutum daga tabki, ta ratsa da shi kurmin bagaruwa da na goruba, ta ajiye shi a kan jigawa inda ko rijiya sai an yi da gaske. Kowane wuri da abincinsa: tarwaɗa da karfasa da bargi a ruwa, ɗinya da kirinjijiya a bakin gaɓa, zomo da gafiya da zabin daji a tudu.

Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 dattawa suke ƙorafin cewa ambaliya ta rage ƙarfi, amma a waccan shekarar fari ya haɗu da madatsa, ruwan bai ko kai gindin tsamiyar da muke ɗaure jirage ba. Kafin sanyi ya wuce tabkinmu ya tsage, agwagin da suke zuwa daga Turai suka tashi da wuri, kwandunan bandar da akan kai tashar jirgin ƙasa ta Nguru kuwa suka zauna wayam.

Wata asuba Baba ya ce, "Kai, ajiye komar nan, ɗauko fartanya." Na zaci gona za mu, sai na ga mun nufi tsakiyar busasshen tabki. Ya rinƙa tafiya a sunkuye yana duban ƙasa, har ya tsaya a kan wata 'yar kafa da ba ta wuce kaurin yatsa ba, ya ce in haƙa a hankali ta gefe. Ban kai kamu ɗaya ba sai ga curin laka, da Baba ya fasa shi sai ga gaiwa a naɗe cikin busasshiyar yauƙinta, da ranta. Ita gaiwa iska take shaƙa, saboda haka idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin taɓo ta bar wannan kafar, ta yi watanni tana jiran damina. Shi ya sa ake cewa jikinta take ci, kuma duk wanda ya ga ramarta a ƙarshen rani ba zai musa ba. Garin ɗoki na kai hannu wajen kanta, ta kuwa datse mini babban yatsa, tabon yana nan har yau.

Da yamma kawuna, wanda maharbi ne, ya zo da gafiya biyu yana yi wa Baba tsiya cewa masunta sun koma manoma. Baba ya ce, "Ai kai ma ramin ka haƙa, bambancin kawai naka ba ya cizo." Kawu ya ɗaga nasa yatsan da ke ɗaure da tsumma, gidan ya kaure da dariya.

Abin da na fi riƙewa shi ne, a kwarin tabkin Baba ya hana mu taɓa kafa ko ɗaya, ko da yake tukunyarmu ba ta cika ba, ya ce waɗannan su ne irin baɗi. Mako mai zuwa zan faɗi yadda wannan hani ya haɗa shi rigima da maƙwabta har maganar ta kai gaban Sarkin Ruwa.